CIRE MATATAR HAYAƘI: MAI MOTA YA HUTA, TALAKA YA SHAƘA

Ya 'yan uwa matasa, musamman direbobi da kanikawa da yaran mota, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wadda ya wajaba mu dube ta da idon basira, wato fasa salansar motar gas a cire matatar hayaƙin da ke ciki. Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta shiga ƙasar Doguwa, ya san abin da ake nufi. Akori-kura ce za ta yi lodin masara ko rake, da ta kama hawa sai ta turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, ɗan acaɓan da ke baya ya rasa numfashi, 'yar tallan da ke bakin titi ta rufe hanci da mayafi.

Mece ce wannan matata? Motocin gas da aka ƙera don ƙasashen Turai tun wajajen 2009 suna zuwa da wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a cikin salansa. Aikinsa shi ne kama baƙin da ke cikin hayaƙi, kuma mai lafiya yakan kama fiye da kashi 90 cikin 100. Idan mota ta yi doguwar tafiya injin ya yi zafi, sai baƙin ya ƙone, matatar ta buɗe. Idan kuwa ta toshe, sai kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, ta riƙa jan ciki. A nan ne bakanike zai ce: "Alhaji, a cire kawai a huta." A yanka salansa, a farfasa abin da ke ciki, a yi walda, a goge laifin daga kwamfuta. Shi ke nan, wai an yi gyara!

To, adalci shi ne mu faɗi uzurin masu wannan aiki. Lallai matatar tana toshewa, sabuwa kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Amma me ke toshe ta? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne gurɓataccen man gas mai yawan farar wuta. A shekarar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona asirin manyan dillalan mai na Turai, yadda suke haɗa mai mai ƙazanta, wanda dokar ƙasarsu ta hana sayarwa, su turo shi Afirka ta Yamma. A wancan lokaci dokar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan a man gas, alhali a Turai iyakarta kashi 10. Ninki ɗari uku ke nan! Ashe huhun baƙar fata ba huhu ba ne? A watan Disamban 2016 aka yi taro a Abuja, Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kodebuwa suka yi alkawarin saukar da shi zuwa kashi 50. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta sake tsayar da wannan ƙa'ida. Amma har a 2024 sai da aka ji matatar Ɗangote da hukumar kula da mai ta NMDPRA suna cacar baki a kan yawan farar wutar da ke cikin man gas.

Su ma masu ƙera motocin ba waliyyai ba ne. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen na Jamus da sa wa motoci kusan miliyan 11 dabarar yaudarar masu gwajin hayaƙi. A ƙarshen 2023 kamfanin Cummins na Amurka ya amince ya biya tarar sama da dala biliyan ɗaya da rabi saboda irin wannan ha'inci a injinan akori-kura ƙirar Ram. Wannan ita ce al'adar 'yan jari-hujja: riba tukuna, rai daga baya.

Sai dai, 'yan uwa, zaluncin wani ba ya halatta mana namu. Hayaƙin da muka saki ba Jamus yake zuwa ba. Yana shiga ƙirjin tsohuwar da aka ɗora bayan mota ranar kasuwa, da yaron mota da ke tsaye yana lodi inji na aiki, da shi kansa bakaniken da ke wuni a gindin salansa. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin injin gas yana jawo sankarar huhu. Ga kuma asma da tari da yake tayarwa, balle ya haɗu da ƙurar hunturu. Mai mota ya tsira da kuɗinsa, talakan Kiru ko Bebeji ya tafi neman na magani. Musulunci bai yarda mutum ya kawar da cuta daga kansa ya ɗora wa maƙwabcinsa ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne cin amana. A cikin salansa akwai abin da kanikawa ke kira "indomi", mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinum. Wasu marasa tsoron Allah sukan kwashe shi daga motar da aka kawo gyaran wani abu daban, su sayar wa dillalai, mai mota bai sani ba. Wannan sata ce tsirara, ko da an sa mata sunan "sana'a".

To mece ce mafita? Direba ya guji gas ɗin 'yan bumburutu, ya sha a inda ya amince da shi. Ya zuba baƙin man da ya dace da injinsa, ya daina barin mota a kunne tana zaman banza a tasha da kasuwa. Lokaci zuwa lokaci ya ba ta doguwar tafiya ba tsayawa, kamar a titin Kano zuwa Zariya, don matatar ta ƙone dattinta. In ta toshe, ana iya kwance ta a wanke a mayar. Bakanike ya koyi wannan aiki maimakon guduma da walda, ya gaya wa mai mota gaskiya, kuma duk abin da ya kwance ya miƙa wa mai shi. Mai sayar da mota kuwa, in an cire mata matata, ya faɗa wa mai saye. Sannan ƙungiyoyin direbobi su buɗe baki su tambayi hukuma irin man da ake sayar musu, domin wanda ya yi shiru da guba za a ci gaba da ɗura masa.

Ɗan uwa, a san ka da amana a gareji da kan hanya kamar yadda aka san ka a sahun gaba. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.