Sashe Na 295 Da Talakan Karkara

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ko kotun shari'a a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya san irin ƙararrakin da akan kawo: iyakar gona, rabon gado, bashin kuɗin albasa, mutuwar aure. To, amma wani lokaci ana tsakiyar irin wannan shari'a sai maganar Tsarin Mulki ta taso, alal misali an karɓe wa mutum fili ba diyya, ko ana tuhumarsa da laifin da babu wata rubutacciyar doka da ta ambata. A nan ne alƙali yakan yi shiru, mai ƙara kuwa bai ma san akwai abin tambaya ba.

Alhali kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi mafita a sashe na 295, kamar yadda na 1979 ya tanada a sashe na 259. Idan tambaya ta taso kan fassarar Tsarin Mulki, kuma ƙaramar kotu ta ga batun doka ne mai nauyi, tana iya miƙa ta ga Babbar Kotu. In ɗaya daga cikin masu shari'ar ya roƙa, to miƙawar ta zama wajibi. Ita Babbar Kotu, ko dai ta tura tambayar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko ta mayar da ita tare da umarni. A lura, tambayar ce kaɗai take hawa. Shari'ar tana nan inda aka fara ta.

Mu tuna da Safiya Husaini ta Tungar Tudu. A watan Oktoba‎ na shekarar 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta, daga cikin dalilan kuwa har da cewa abin da ake zarginta da shi ya auku kafin dokar ta fara aiki. Wannan shi ne ainihin abin da sashe na 36(8) ya haramta. Da an ɗaga tambayar tun a Gwadabawa, da wata biyar ɗin da ta yi da hukuncin kisa bisa wuyanta ba su zama dole ba.

Ba mu jahilci cewa manya masu tarin lauyoyi sun sha mai da wannan sashe dabarar jan lokaci ba. Amma manomin Maiyama bai taɓa jinkirta shari'a da shi ba, don ko labarinsa bai ji ba. Ga kuma wani cikas: alƙalin da ake roƙo shi ne zai fara auna ko tambayar tana da nauyi, ɗan Adam kuwa ba ya son a ce wani abu ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kebbi da ta fassara sassan nan biyu da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar kowace kotu. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin akawu da magatakarda su tabbata duk roƙon da aka yi ya shiga littafin kotu, ko da da baki aka yi shi, domin abin da ba a rubuta ba babu mai ganinsa a Birnin Kebbi.