Ɗaure fuskar ɗan kasuwa ba gaba ba ce

Malam Edita,

Kirana ga 'yan uwana na Matameye ne. Da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ciniki ta hanyar Daura ya ja baya, jarin mutane da dama ya karye. Sai ka gaida mai shago ya amsa a daƙile, ka koma gida kana cewa ya raina ka. Wallahi ba da kai yake ba. Bashi ne ke cin ransa, ga iyali na jiran cefane.

Wanda ya ci mutuncinka a gaban jama'a, wannan kam a zauna da shi. Amma kan ɗaure fuska kawai, don Allah mu yi wa juna uzuri, kada mu yanke zumunci.

Naku, mai karatu daga Matameye.