Farautar dodo a waya: Matasa, mu riƙa ciniki kafin mu shiga daji

A ranar 28 ga Fabrairun 2025 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya saki wani gem mai suna Monster Hunter Wilds, kuma cikin kwana uku kacal ya sayar da kwafi miliyan 8. Aikin da ake yi a cikinsa ɗaya ne: a shiga daji a nemo dodo, a kashe shi, a feɗe, a ƙera makami da ƙashinsa, sannan a koma neman wanda ya fi shi girma. Irin wannan gem sai a PlayStation 5 ko Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi, abin da ba kowa ke da shi ba a Rogo Ruma ko Sundu ko Zarewa. To amma dabarar da aka gina shi a kanta ta iso mana tuntuni. Tana cikin wayar da ke aljihunka, tana cin kuɗinka da lokacinka, shi ya sa ya dace mu kwance ta mu ga cikinta.

Masu tsara gem na labari kan raba shi gida biyu. Akwai babbar hanya, wato ainihin labarin da dole ka bi kafin ka ga ƙarshe. Sai kuma ayyukan gefe, na ganin dama, waɗanda ko ba ka taɓa su ba za ka iya kammala gem ɗinka lafiya lau. Farautar dodanni ita ce sarauniyar waɗannan ayyuka. A The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015 ya kuma sayar da sama da kwafi miliyan 50, babban aikin jarumin, Geralt, shi ne neman 'yar riƙonsa Ciri da ta ɓata. Amma kusan kowane ƙauye ya shiga sai ya tarar da allon sanarwa: ga wani dodo ya tare hanya, ga wani ya hana mutane zuwa gona, wa zai taimaka? Sai ka ga mai wasa ya shafe sa'o'i yana bin sawun dodanni, yarinyar da ya fito nema kuwa ko oho.

Me ya sa aikin gefe ya fi jan hankali? Saboda gajere ne, an faɗa maka abin da za ka yi dalla-dalla, kuma ladan yana zuwa nan take. Babbar hanya tana da nisa, tana da wuyar fahimta, wani lokacin har da gundura. Sannan ga alfahari. A Final Fantasy XII na 2006 akwai wani dodo, Yiazmat, da aka ba shi ma'aunin rai sama da miliyan 50, ana ɗaukar sa'o'i ana sararsa kafin ya faɗi. Ba wanda ya tilasta wa kowa tunkararsa, amma mutane suka yi ta yi, don kawai a ce wane ya kashe shi.

Sai dai akwai abu guda a The Witcher 3 da nake so mu riƙe da kyau. Kafin Geralt ya zare takobi, sai ya tsaya da mai kwangila sun yi ciniki. Nawa za ka biya? In bai gamsu ba ya nemi ƙari. Bayan ya gama ya kawo kan dodon a matsayin shaida, a ƙirga masa kuɗinsa. Ko a duniyar ƙarya, maharbi ya san ba a cinikin biri a sama.

Gem ɗin waya na kyauta su ne suka sauya ma'anar ganin dama. Wanda ya sayar maka da gem sau ɗaya ya karɓi kuɗinsa, ko ka buga ko ka ajiye duk ɗaya ne a wurinsa. Shi kuwa na kyauta, ribarsa tana cikin dawowarka kullum, don haka sai ya ɗaura wa aikin gefe agogo. Ɗauki Genshin Impact na kamfanin miHoYo na Sin, wanda ya fito a 2020. Kullum ana ba ka ƙananan ayyuka huɗu, in ka gama ka samu duwatsu 60. Jan ƙuri'a sau ɗaya don neman sabon jarumi yana cin duwatsu 160, kuma ba a ba ka tabbacin samun babban jarumi sai a ja na 90. Buga lissafi: duwatsu 14,400 kenan, wato kwana 240 in da aikin kullum kaɗai ka dogara. In ka gaji da jira fa? Ga ƙofar saye da kuɗi a buɗe. Free Fire da PUBG Mobile, waɗanda suka fi yawa a wayoyinmu, su ma haka suke da ayyukan kullum da na mako, da kyautar da za ta wuce ka in ka yi fashin kwana ɗaya. Sunansa dai na ganin dama, amma an tsara shi yadda in ka bari za ka ji kamar an yi maka sata.

Mafi girman darasi kuwa mun gan shi da idonmu a 2024. Bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu rabonsu, sai Arewa ta rufta kan Hamster Kombat a Telegram. Ba dodo a ciki, amma tsarin iri ɗaya ne sak: ga katunan yau, ga kalmar sirri ta yau, kalli wannan bidiyo, gayyato abokinka. Masu shi sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga, tasharsu ta YouTube ta haura mabiya miliyan 30. Da aka zo rabo sai aka ce miliyan 131 ne suka cancanta, aka kori miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi. Ranar 26 ga Satumba aka buɗe kasuwar kuɗin, da yawa suka tarar abin da suka tara bai kai dala 10 ba. Su masu allon sanarwa tuni sun ci moriyar kallo da talla. 'Yan baiwa kuwa an bar su da ciwon yatsa, saboda sun shiga daji ba tare da an yanka musu farashi ba.

A duba watannin da abin ya ɗauka, daga Maris zuwa Satumba. A cikinsu aka rubuta JAMB da WAEC da NECO, a cikinsu aka yi sharar gona da shuka da noman fari da maimai. A yanki irin namu da gona ce uwa ma ba da mama, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga kuɗin caji a shago, tunda wutar ba ta zama. Ga data, wadda a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari. Araha ba ta ado, kyautar da ake ta faɗa ashe kai ne ke biyan ta da kaɗan-kaɗan.

Kar dai iyayenmu su ɗauki wannan su ce gem ɗin ne gaba ɗaya shaiɗanci. Matashin da ya wuni a gonar rake ko ya dawo daga su a madatsar Challawa yana da haƙƙin ya huta, kuma da yawa sun tsinci Turanci da karanta taswira da aiki cikin tawaga ta wannan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta shigar da jarabar gem cikin kundin cututtuka wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ta gindaya sharuɗɗa: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem a kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci abin ya kai wata 12. Mafi yawanmu ba mu kai nan ba. Namu ciwon shi ne rashin ciniki. Kafin ka danna kowane aiki, tambayi kanka: wa ya kafa sanarwar? Me za a biya ni, kuma yaushe? In na ƙi yi, me zan rasa na zahiri? In amsar ta ƙarshe ita ce ba komai, to ka buga don nishaɗi, ka ajiye lokacin da kai ka ga dama.

Wani abin takaicin shi ne, wannan labari na farautar dodo namu ne tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Bayajidda ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, ta ce masa maciji ya hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ba wanda ya aike shi, ya je ya sare kan macijin ya adana. Da gari ya waye masu cika baki suka yi ta cewa su ne, amma mai kai a hannu shi Daurama ta yarda da shi. Ga maƙeri, ga baƙon jarumi, ga dodo, ga shaida, ga lada. Me ya rage a gem?

Mutanen Sin sun ɗauki tsohon labarinsu na sarkin birai suka yi Black Myth: Wukong a Agustan 2024, suka sayar da miliyan 10 cikin kwana uku. A nan kusa, Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion tun 2016. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023, yana da ƙirƙirar gem da zanen katun cikin fannonin da yake koyarwa. Sai dai yaron Rogo Ruma ba zai ƙera gem da wayar da batirinta ke mutuwa kafin la'asar ba. A nan ne shugabannin ƙananan hukumomin Rogo da Karaye, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar su biyun, da masarautar Karaye suke da aikin yi: ɗaki ɗaya mai sola da kwamfutoci da intanet a kowace ƙaramar hukuma, da malami mai zama a ciki, ba wanda za a yanka kintinkiri a rufe ba.

Mu kuma matasa, a zaɓen da ke tafe za a sake kafa mana allon sanarwa, da kwangilar yaɗa hotuna da zagin juna a Facebook da TikTok a kan kuɗin data. Wancan ɗakin kwamfuta shi ne farashin da ya kamata mu yanka musu kafin mu ɗaga yatsa.