Motar Uwargida: Araha Ba Ta Ado

Uwargida ta samu permi, maigida ya shiga neman mota ta biyu. A Badagishiri shawara ce babba, domin hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ba ta rabuwa da manyan motoci, ranar kasuwa kuma dabbobi da amalanke sun cika titi. Sabon hannu ya fi bukatar birki mai kamawa da tayoyi masu lafiya a kan fenti mai sheƙi.

Da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Kwatano ta toshe, tsofaffin motoci suka ƙara tsada, cinikin biri a sama ya yawaita. Mai hankali yakan zaɓi irin wadda kayan gyaranta ke samuwa a Ƙonni da Tawa, kamar Toyota Corolla. Makaniken da ya amince da shi ne zai tuƙa ta da tsakar rana, ya duba hayaƙi, yoyon mai da zafin inji.

Sai takardu: lambar shasi ta dace da ta kartagiris, a kuma ga shaidar biyan duwan. Motar da ta tsallako iyaka ba takarda, a shingen jandarma take kwana, uwargida na tsaye a gefen hanya.