Satiru: Garin da Muka Taya Turawa Binnewa

Kwanan baya ina zaune a tashar Unguwa Uku ina jiran motar Kaduna ta cika, hira ta kai mu ga tarihi. Wani dattijo ya ce, "Ai tun zuwan Turawa abubuwa suka canza." Na ce, "Baba, ka taɓa jin labarin Satiru?" Ya ce bai taɓa ba. Ɗaliban jami'a biyu da ke bayanmu su ma suka girgiza kai. Tun ranar kalmar nan ta "zuwan Turawa" take ci mini rai. Baƙo ne ke zuwa, ya yi sallama, a ba shi ruwa. Wanda ya fasa ƙofar gari da igwa, kamar yadda rundunar Kanar Morland ta yi wa Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sunansa mahari.

Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai. Mazaunansa talakawa ne, da yawansu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu, suka taru a kan da'awar Mahadi ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makafo. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, da gatura da fartanyoyi da kibau suka fatattaki sojan doki na Ingila, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙaƙe fiye da ashirin.

Lugard ya aiko da ramuwa. Ranar 10 ga Maris, sojoji fiye da 500 da bindigogi masu aman wuta suka auka wa garin. An kashe mutum wajen 2,000. An kwashe mata da yara, an ƙone garin ƙurmus, an kashe Ɗan Makafo a Sakkwato bayan shari'a.

To, me ya sa ba ma faɗa? Muna tuna Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ya yi shahada a Burmi a 1903. Muna tuna Sarkin Haɗeja Muhammadu da aka kashe a 1906, kuma sun cancanci a tuna su. Amma Satiru shiru kake ji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da hannunmu a ciki. Mahayan Sakkwato sun mara wa Turawa baya, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Mutanen Satiru ba su da makaɗa, ba su da jikoki a fada. Shi ke nan, maraya ya mutu, ba mai zaman makoki.

Wani zai ce 'yan tawaye ne, su suka fara. Na ji. Amma macen da aka raba da gidanta, da yaron da aka kora kamar akuya, Baturen wa suka kashe? Wani kuma zai ce tone-tone ba ya haifar da alheri. Mu duba Ostireliya. A 1838, a wani wuri da ake kira Myall Creek, Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yi wa 'yan asalin ƙasar aƙalla 28 kisan gilla, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. A shekarar 2000 aka kafa abin tunawa a wurin, kuma duk shekara jikokin waɗanda aka kashe da na waɗanda suka yi kisan suna haɗuwa a can. Ƙasar ba ta tsage ba. Mu kuwa har gobe majalisar dokokin Kaduna a Lugard Hall take zama.

Ba gaba da wata masarauta nake kira a yi ba. Abu uku nake nema. A sa Satiru a manhajar tarihi ta makarantunmu da cikakken bayani, har da rawar da namu suka taka. Gwamnatin Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi su kafa alama a kufan garin. Marubutanmu na Hausa kuma, da ke cika wayoyinmu da labaran soyayya, ko mutum ɗaya ya ba matan Satiru baki su yi magana.

Kafin nan, ranar 10 ga Maris mai zuwa, ka tara yaranka ka faɗa musu sunan garin, ku yi wa mutanensa addu'a.