Masu Juya Mara Lafiya Ma Suna Buƙatar Horo

Likita yakan zagaya ɗakin marasa lafiya da safe, ya duba fayil, ya rubuta magani ya wuce. Nas ta zo ta yi allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta nufi sauran gadajen da ke jiran ta. Ragowar awannin yini da na dare kuwa, mara lafiya yana hannun mutum biyu ne: mataimakin ma'aikatan jinya, da ɗan uwan da ya shimfiɗa tabarma a gefen gado. Su ke ɗaga shi, su canza zanin gado, su kai masa fo, su ba shi abinci a baki. Kuma a asibitocin Najeriya da dama, su ne waɗanda ba a cika tsayawa a koya wa komai ba.

Ana ɗaukar aikin a matsayin na ƙarfi kawai, wanda duk mai lafiya zai iya. Gyambon kwanciya kaɗai ya isa ya ƙaryata wannan. Tsohon da ya samu shanyewar ɓarin jiki ba ya iya motsawa da kansa, nauyinsa yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin. Ƙugu, diddige, ƙashin kafaɗa da bayan kai su ne wuraren da abin ya fi kamawa. Farkonsa fata ce kawai ta canza launi ko ta yi ɗumi, kuma a baƙar fata ba kowa ke lura ba. Idan aka bari, rami ne zai buɗe, wani lokaci har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Rigakafin ba ya buƙatar na'ura: a juya mara lafiya kusan duk bayan awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa don diddige ya bar katifa, a tabbatar zanin gado a bushe yake ba ya da tattara. Sannan ba a murza wurin da ya fara ja. Mutane da yawa suna murzawa da kyakkyawar niyya, alhali ƙara lalata naman suke yi.

Haka batun abinci. Wanda ya samu shanyewar jiki sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya. Idan aka ɗura masa kunu yana kwance, yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da tari. Zaunar da shi ake yi, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Jakar fitsari ma tana da ƙa'ida: ta kasance ƙasa da mara, amma kada ta taɓa ƙasa.

Mataimakin shi ma ransa na cikin haɗari. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969 a jikin wata nas 'yar mishan. An kai ta Jos, nas ɗin da ta yi jinyarta a can ita ma ta kamu ta rasu. Har yau cutar tana kama ma'aikatan lafiya ta hanyar jini, amai da fitsarin mara lafiya, kuma wanda ke kwashe waɗannan shi ne mataimaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta 5 na tsaftace hannu, ciki har da kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa shi ko kayan da ke kewaye da shi. Wanki da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, shafa sinadarin tsaftace hannu kuma 20 zuwa 30. Safar hannu ɗaya da aka yi yawo da ita daga gado zuwa gado ba kariya ba ce, jigilar cuta ce. Allurar da aka yi amfani da ita kuma ba a mayar mata da murfi, cikin kwalinta ake jefa ta.

Akwai masu fargabar cewa horar da mataimaka zai ƙara yawan nas-nas na bogi. Fargabar tana da tushe. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da lasisi, kuma kowa ya san yadda wasu ke yin 'yan watanni a asibitin kuɗi su koma unguwa suna yi wa mutane allura. Sai dai rashin horo ne ke haifar da wannan. Horo na gari yana farawa da iyaka: mataimaki ba ya allura, ba ya sa ƙarin ruwa, ba ya ba da maganin da ba a umarce shi ba. Aikinsa ya lura ya kai rahoto. Numfashi ya ƙara sauri, mara lafiya ya fara sambatu, hannu ya yi sanyi, fitsari ya ragu: ya kira nas nan take, kuma nas ta saurare shi.

Nauyin yana wuyan ma'aikatun lafiya na jihohi da hukumomin kula da asibitoci. Kada a bar sabon mataimaki ya shiga ɗakin marasa lafiya sai ya yi horon 'yan makonni a hannun gogaggiyar nas, da Hausa ko harshen da yake ji, kuma a riƙa sabunta shi. 'Yan uwa masu jinya ma a ba su minti goma ranar da aka ba da gado, a nuna musu yadda ake juyawa da ciyarwa. A liƙa takarda a jikin gadon duk wanda ba ya motsi, ana rubuta lokacin da aka juya shi da sunan wanda ya juya. Kafin duk wannan, sai an ga famfo mai ruwa da sabulu a kowane ɗaki, domin har yanzu akwai asibitocin da 'yan uwan mara lafiya ke sayo safar hannu daga kemis na bakin ƙofa.