Kowa da Mabuɗinsa

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, duk wanda ya san noman rani a Kura da Bunkure ya san cewa ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ya shiga gona sai an buɗe masa ƙofa. Mai riƙe da mabuɗin kuwa, shinkafar jama'a da tumatirinsu suna hannunsa.

To, a yau lissafin filaye da kuɗaɗe sai komawa cikin kwamfuta yake yi, ita ma kuwa da nata mabuɗan. Ma'aikacin da ke buga wa na'ura umarni a rubuce yakan gabatar da wani dogon jerin haruffa na sirri. Na'ura ba ta duban fuska. Duk wanda ya zo da shi, shi ne mai gida. A 2016 ɓarayi suka tsinci irin wannan mabuɗi na kamfanin Uber a GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57.

Saboda haka muna kira da a ba kowane ma'aikaci nasa, kada ofis ya yi tarayya a kan ɗaya. Mabuɗi ya tsaya ga ƙofar da aikin mutum ya shafa. Kada a bar shi cikin rubutun da wasu za su gani, kada a aika shi ta WhatsApp. Ranar da aka yi wa mutum canjin wurin aiki, a ranar za a soke nasa.

Wanda ya ga rashin yarda a wannan tsari, ya tuna cewa shi ne zai wanke mai gaskiya ranar bincike.